Tsallen da Muka Haddace

Na manta abubuwa da yawa na aiki, har da fuskokin wasu da suka yi dogon jawabi ranar sallamata, amma ban taɓa mantawa da Larabar da sabuwar Darakta ta shigo ɗakin atisaye da waya a hannu ba. Tunda ku 'yan baya kun dame ni da tambayar yadda aka yi na samu abin da kuke kira "hannun Malam Tijjani", gara in rubuta muku sau ɗaya in huta. Lokacin damina ne, a shekarun da babbar waya ta fara shiga aljihun kowa, kaset kuma ya fara zama abin da yara ke tambaya mene ne.

Ga wanda bai san ma'aikatarmu ba, bari in ɗan shimfiɗa. Sashen kiɗa kashi biyu ne. Akwai na gargajiya, masu kalangu da goge, waɗanda ake gayyata ko'ina kuma ake saurare. Akwai namu, na zamani, wanda ake kira idan gwamnati na son baƙi su san mu ma mun ga duniya. Mu ake sawa mu yi kiɗa lokacin da aka raba abinci. A sama akwai Darakta, ƙarƙashinta Bandmasta, wato shugaban makaɗa, sai manyan makaɗa, sai sababbi masu jiran a tabbatar da su a aiki. A takarda kuwa babu makaɗi ko ɗaya a cikinmu. Dukkanmu Jami'an Al'adu ne, kuma wannan suna ya rufa wa da yawanmu asiri wajen neman aure.

Ni ne mai ganguna. Ba ganga ɗaya ta rataye ba, irin jerin nan na turawa da ake zama a kujera a tsakiyarsu, ga ƙanana ga manya, ga fayafayan tagulla a tsaye, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Kiɗan da muka ƙware a kai shi ne jaz. Littattafai sun ce baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro shi, kuma ginshiƙinsa shi ne idan zagayen makaɗi ya zo, sauran su ja baya, shi kuma ya faɗi abin da ke ransa a take, ba shiri. Mun karanta wannan bayani, mun gamsu da shi ƙwarai, sannan muka zauna muka haddace abin da ke ran wani mutum da ba mu taɓa gani ba.

Dalilin haka shi ne Bandmastanmu, Malam Garba. Tsohon soja ne, mai busa saksofon, kuma duk jaz ɗin da ya sani yana cikin kaset guda, wanda ya kwafo tun yana bariki daga faifan garmaho na wani hafsa. A hankici yake naɗe shi. Koyarwarsa irin ta zaure ce: ya kunna layi ɗaya, ya kashe, mu maimaita, ya sake kunnawa. Dokarsa ba ta canzawa.

"Kar ka ƙara, kar ka rage. Waɗanda suka yi shi sun fi ka sani."

Kiɗan da muka fi ji da shi muna ce masa Ta Uku, don ita ce ta uku a gefen farko na kaset ɗin. A tsakiyarta akwai zagayen mai ganguna, kuma a tsakiyar zagayen akwai wurin da muke kira Tsalle. Ana cikin tafiya daidai, sai kawai wani yanki na bugun ya ɓace, kowa ya dira can gaba. Jikin ɗan Adam ba ya son yin wannan abu. Ƙafarka na son ta taka, dole ka hana ta. Malam Garba yakan ɗaga yatsa idan an zo wurin ya ce, "Nan jaz ɗin yake. Duk abin da kuka ji kafin nan gaisuwa ce." Da Tsalle ake jarraba mai ganguna kafin a tabbatar da shi. Wanda ya gabace ni ya kasa, aka mayar da shi kula da kujeru da rumfuna, inda na ji an ce ya yi ƙiba ya kuma samu kwanciyar hankali. Ni na iya. Watanni na yi ina fama, na rame, na iya. Ranar da aka tabbatar da ni har waina aka yi a gida, ko da yake ba a gaya wa maƙwabta ainihin dalili ba.

Abu ɗaya ne Malam Garba bai taɓa yafe mini ba, hannuna na hagu. Ya ce ɗingishi yake.

"Damanka soja ne, hagunka ma'aikacin ƙaramar hukuma. Kullum sai ya makara."

Gaskiyarsa, hagun yakan sauka kaɗan bayan inda ya kamata. Da 'yar sandar jagorancinsa yake ƙwanƙwasa mini bayan hannu, ni tsohon malamin firamare mai 'ya'ya. Na yi shekaru ina horar da hannun har ya daidaita. Sai in na gaji sosai ɗingishin yake leƙowa, in yi maza in kore shi.

Haka muke har aka kawo Hajiya Darakta. Daga ma'aikatar ilimi aka ɗauko ta, ta daɗe tana shugabantar makarantar 'yan mata. Irin mutanen nan ce da ke barin ka ka gama bayaninka tsaf, sannan su yi maka tambaya ɗaya da za ta sa ka yi da-na-sanin buɗe baki. Ranar Larabar ta zo zagayen sassa, aka ba ta kujera, muka kawo mata mafi kyawun abin da muke da shi. Mun yi Ta Uku ba kuskure. Tsallen ranar ya fita fes, har Malam Garba ya ɗan gyaɗa mini kai, abin da a wurinsa ya kai lambar yabo.

Hajiya ta ce, "Madalla. Amma Malam Garba, can a tsakiya me ya faru? Na ga duk kun zabura lokaci guda, kamar mota ta faɗa rami."

"Ranki ya daɗe, wannan shi ne Tsalle. Sirrin jaz ke nan. Ba kowane kunne ke ɗaukarsa ranar farko ba."

"Allah sarki. Mene ne sunan kiɗan?"

Aka kwance hankici, aka nuna mata rubutun jikin kwalin. Ta daddanna wayarta, ta ɗora ta a kan babbar gangata, ta naɗe hannu. Kiɗan ya fara. Shi ne, babu shakka, sai dai ya fi namu sauri da haske, don ashe kaset ɗinmu ya tsufa yana jan ƙafa, mu kuma muna jan ƙafa tare da shi cikin biyayya. Zagayen mai ganguna ya zo. Na ji kafaɗuna sun ɗaure, na ga na kowa sun ɗaure, muna jiran ramin. Mutumin ya wuce sumul. Yankin da ba mu taɓa ji ba yana nan lafiya lau, kamar wanda aka yi shekaru da zaman makokinsa ya shigo da sallama yana tambayar abinci.

Ta mayar baya ta sake kunnawa. Babu Tsalle. Malam Isyaku, mai fiyanonmu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Allura ce."

Kowa ya gane, ba wanda ya so ya gane. Faifan garmahon hafsan nan yana da karce. Allurar ta zo wurin ta tsallake, kaset ya ɗauka yadda ya ji, mu kuma muka gina jarrabawar gwamnati a kai.

Malam Garba soja ne, ba ya ja da baya a gaban jama'a. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan na wayar gyararre ne. Yaran yanzu ba sa iya Tsalle, shi ya sa suka cike gurbin. Namu ne asali."

"To Allah ya ƙara wa asali lafiya," in ji Hajiya. Ta juya ga Malam Isyaku. "An ce mini wannan fiyanon na lantarki har ganguna gare shi a ciki. Haka ne?"

Malam Isyaku, Allah ya yafe masa, ya danna wani maɓalli. Akwatin ya kama kiɗa shi kaɗai, daidai wa daida, ba gumi ba numfashi. Hajiya ta saurara, sannan ta dube ni.

"Malam Tijjani, ba ni da wata gaba da kai. Amma in maimaitawa ce aikin, wannan akwatin ba ya makara, ba ya neman hutun shekara, ba shi da surukar da za ta rasu sau biyu. Ƙarshen wata za a yi walimar sallamar Babban Sakatare. In na ji wani abu daga hannunka da waya ko akwati ba za su ba ni ba, kujerarka taka ce. In ban ji ba, rajista na neman mai kyakkyawan rubutu, kuma an ce mini tsohon malamin makaranta ne kai."

Rajista ita ce ɗakin da ake tara fayil-fayil, mai taga ɗaya da fanka mai tunani kafin ta juya. Ba aikin kunya ba ne. Sai dai ni na bar aji da alli saboda gangunan nan, na jure kallon dangi saboda su. Gidanmu a Koki gidan karatu ne. Yayana yana ba da darasi a zaure, kuma tsawon shekaru in an tambaye shi aikin ƙaninsa, sai ya ce "yana ma'aikata", ya canza zance. Da na kai masa kukana, fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba tun ranar sunan ɗansa na fari.

"Alhamdu lillahi. Rajista ai aiki ne da za a iya faɗa a gaban surukai."

Wannan farin cikin nasa ne ya ba ni zuciya fiye da duk wata nasiha.

Na fara da abin da mai ilimi zai yi, wato na ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa cikin tsari. Na sayi data, na zauna ina kallon manyan masu ganguna na duniya a waya. Na ɗauki hannun wannan, ƙafar wancan, yadda wani yake karkata kai. A gida a kan matashi nake atisaye, don kar ɗaliban yayana su ji su ɗauka an buɗe gidan gala a unguwa. Bayan kwanaki na duba abin da na tara. Da ina kwaikwayon mutum ɗaya, yanzu ina kwaikwayon jama'a, kuma kowanne daga cikinsu yana nan a waya, ya fi ni iya kansa. Na fara tunanin irin biron da zan saya don rajista.

Wata Asabar bayan azahar ina zaune a tsakar gida ina jiran abinci. Matata Hadiza tana madafi. Sai ta leƙo da ludayi a hannu.

"Malam, don Allah ka bar ni da na bayan katanga. Su Baba Ilu na bugu a can, kai kana bugu a nan. Ni ce shaddar?"

Na duba, ashe tafukan hannuna suna kan gwiwoyina suna aiki. Na ce, "Wane irin bugu? Atisaye nake."

"Na san atisayenka, wannan mai zaburar, mai sa in ɗauka kunama ce ta harbe ka. Wannan kuwa na su Baba Ilu ne. Tun da aka kawo ni gidan nan, in kana jiran abinci shi kake yi. In yunwar ta yi yawa har sauri kake ƙarawa. Da shi nake gane ko in ƙara wuta."

Ta koma madafi ta bar ni da hannuwa a sama.

Bayan katangar gidanmu mabuga ce, tun kafin a haife ni. Ku da kuka tashi a sababbin unguwanni da dutsen guga na lantarki, mabuga wuri ne da ake kai shadda bayan an wanke an sa mata sitati. Mutum biyu ke zama fuska da fuska, da gungumen itace a tsakaninsu, a shimfiɗa shaddar a kai, kowa da gudumar itace mai nauyi, su yi ta bugu har ta kwanta ta yi ƙyalli. Ɗakin da aka haife ni jikin katangar yake. Da wannan sauti aka yi mini wankan jego, da shi na yi rarrafe, da shi na yi hadda. Na ji shi har na daina jin sa.

Na zagaya na shiga. Baba Ilu, dattijo mai kafaɗun da ba na shekarunsa ba, yana bugu da abokin aikinsa Ɗanjuma. Muka gaisa.

"Malam Tijjani, kaya ka kawo?"

"A'a Baba, saurare na zo."

Suka dubi juna. Ɗanjuma ya ce, "An kore ka ne?"

"Tukuna."

"To zauna can, kar ka tare mana iska."

Na zauna. Ɗanjuma ne ke fara saukewa, Baba Ilu ya amsa. Amma amsar ba a tsakiya take faɗuwa ba. Tana ɗan jinkiri, kaɗan, ta matso kusa da bugun da ke biye, sai sautin ya riƙa tafiya da wani rangaji. Na san jinkirin nan. Na san shi a bayan hannuna na hagu, inda sandar Malam Garba ta yi shekaru tana sauka.

Na ce, "Baba, me ya sa naka bugun yake makara?"

Ya tsaya cak. "Ni ne na makara? Yaron da aka haifa a gabana? Da wane hannu kake so in ja shaddar, da naka?"

Sai a lokacin na lura. Damansa na bugu, hagunsa na jan ƙyallen gaba kaɗan-kaɗan, kuma sai ya ja sannan gudumar ta sauka. Na ga wani abu kuma. In gefe ya ƙare, Baba Ilu yakan ajiye guduma ya ninke shaddar. Ɗanjuma ba ya tsayawa, ba ya rage sauri, ya ci gaba shi kaɗai. Da dattijon ya gama ninki sai ya ɗauki gudumarsa ya shiga duk inda ya tarar da bugun. Babu mai ƙirgawa, babu mai ɗaga yatsa.

Ba zan ce muku wani haske ya sauko mini a wurin ba. Haushi na ji. Kusan shekara ashirin ina korar abu ɗaya da yake nawa, don in ba wa karcen faifan wani hafsa wuri.

Ranar Litinin na gwada shi a atisaye, kaɗan, a zagayena. Malam Garba ya cire saksofon daga baki.

"Ɗingishin ya dawo."

"Oga, Hajiya ta ce tana son sabon abu."

"Hajiya ta zo jiya, gobe za a ɗauke ta. Tsalle ya ga Daraktoci da yawa. Ranar walima za a yi shi yadda yake. Umarni ne."

Na ce, "To, Oga." Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku koyi wannan "to" ɗin. Ba e ba ce, ba a'a ba ce, kuma ta ceci ma'aikata da yawa.

An yi walimar a wani zauren taro kusa da Ƙofar Na'isa, bayan la'asar. An yi ruwa da rana, zauren ya ɗauki zafi mai ɗanko. Aka yi jawabai, inda muka ji cewa Babban Sakataren da muka sani yana da halayen da ya ɓoye mana tsawon aikinsa. Aka raba shinkafa da kaza, aka yi mana alama. Muka fara, cokula suka fara, kamar kullum. Malam Isyaku yana gefena da akwatinsa, maɓallin nan yana kallona.

Muka shiga Ta Uku. Zagayena ya zo. Na fara da abin da na haddace, don tsoro ma malami ne. Na ɗaga ido na ga Hajiya Darakta tana cire ƙashi daga kaza cikin natsuwar wadda ta riga ta yanke hukunci. A zuci na hango rajista, tagar nan ɗaya da fankar nan. Na hango yayana yana gabatar da ni ga surukai da murmushi. Sai na saki hagun.

Hannun dama na kai shi kan babbar gangar da ke gefe, ya zama Ɗanjuma. Hagu ya zama Baba Ilu, yana zuwa a makare, da gangan, ba kunya. Ƙafata ta riƙe tafiyar kiɗan a ƙasa don kar a ɓata. Malam Garba ya juyo da saksofon a baki, idanunsa suna rubuta mini takardar tuhuma. Na ƙara masa. Na mayar da bugun kan fayafayan tagulla, na dawo da shi, na ƙara sauri irin na mai jin yunwa sosai.

Cokulan suka fara tsayawa. Wannan ne karo na farko a aikina da na ji shirun cokali. Wani tsohon Alhaji a teburin gaba, wanda daga baya aka ce mini fataucin shadda ya yi har ya tsufa, ya ce da muryar wanda kunnensa ya yi nauyi, "Wannan ai bugu ne. Wa ya kawo mabuga wurin nan?" Aka yi dariya, irin ta mutanen da suka gane abu tare. Rabin zauren 'yan cikin gari ne, kowa ya taɓa kai kayan salla mabuga. Wata mata a baya ta fara guɗa, ta tuna taron gwamnati ne, ta haɗiye rabin.

Ana haka gumi ya yi aikinsa. Sandar hagu ta suɓuce daga hannuna, ta daki ƙasa, ta gangara ƙarƙashin kujerar Malam Isyaku. Ina da wasu a jaka, amma jakar tana ƙasa. Da a da ne, da na tsaya cak, don kaset bai koya mana abin da ake yi in sanda ta faɗi ba. Sai na bar Ɗanjuma ya ci gaba shi kaɗai. Dama yana bugu, ni na sunkuya ina lalube da hagu, kaina kusan a kan gwiwa, har na kamo wata. Na ɗago na shiga inda na tarar da bugun. Wurin Tsalle ya zo ya wuce ba wanda ya yi masa sallama. Sauran makaɗan suka rasa ƙofar shiga, don sun saba ramin ne ke gaya musu. Malam Isyaku ya fara shigowa da fiyano, da hannunsa ba da maɓalli ba, mai gita ya biyo, Malam Garba ya zo ƙarshe da fuskar mutumin da aka zauna masa a kan hula.

Da aka tashi, Hajiya ta tsaya a gaban gangunan ina kwance su.

"Malam Tijjani, wannan daga wane kaset ne?"

"Daga bayan katangar gidanmu ne, ranki ya daɗe."

"To rajista ta yi rashi." Ta yi taku biyu ta juyo. "Wurin da ka sunkuya kana yi da hannu ɗaya, nan ya fi burge ni."

Na ce na gode. Ƙaramin ma'aikaci ba ya gyara wa Darakta yabo. Na zauna a kujerata har na yi ritaya a kanta. Yayana ya karɓi labarin da haƙurin da ya dace da malami.

Malam Garba ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Rannan ya kira ni ofishinsa. Wani ya ɗauki hoton bidiyo na walimar, an tura masa a waya, kuma ga alama ya kalla har ya kusa huda ta.

"Na duba abin nan da kyau," in ji shi. "Akwai ilimi a ciki. Musamman Sunkuyo."

"Wane Sunkuyo, Oga?"

"Inda ka yar da sanda."

"Oga, suɓucewa ta yi. Gumi ne."

Ya yi murmushi irin na wanda ya ga duniya. "Haka masu fasaha suke cewa, don tawali'u. Za a sa shi a jarrabawa."

Aka sa. Allah ya ji ƙansa, ya riga mu gidan gaskiya, amma jarrabawarsa tana nan da ƙoshin lafiya. Kwanan baya na leƙo ɗakin atisaye don mu gaisa. Na tarar da ɗayanku yana ɗingishi da hagu daidai nawa, kamar shi ma a Koki aka yi masa wankan jego, alhali na san a Ƙofar Dawanau ya tashi, kusa da masu niƙa. Da aka zo wurin, ya buɗe yatsu cikin ladabi, sandar ta faɗi, ya sunkuya. Wanda ke koya masa ya ce a sake, wai ba ta gangara har ƙarƙashin kujerar mai fiyano ba.

Abin da wannan ya koya mini game da sana'armu bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma wannan hali mai kyau ne, da shi muka riƙe karatu da sana'o'i a garin nan. Sai dai ba ma tambayar wanne ne nufin na gaba, wanne ne tuntuɓensa. Duk tare muke naɗewa a hankici. Jinkirin Baba Ilu yana da dalili, shadda yake ja. Nawa yana da dalili, a jikin katangarsa na tashi. Naku fa? Ku saurari manya, ku haddace in kuna so, hadda tana horar da hannu. Amma in kuna neman naku, ku duba abin da hannuwanku ke yi in kun manta da su. In ba ku sani ba, ku tambayi wadda ke dafa muku abinci, ta daɗe da sani, kuma ta gaji da shi.

Sandunanku kuwa, ku riƙe su da kyau. Na faɗa wa Malam Garba bai yarda ba, yanzu ga shi na rubuta muku da kyakkyawan rubutun da rajista ta rasa: gumi ne.